Makullin Otal a Hannun Ɗan Shekara 16: Amanar Daren a Wuyan Wa Take?

A 'yan shekarun nan, da zarar watan Afrilu ya kama, wata 'yar takarda kan shiga gidajen Taba, Hunkuyi, Makarfi da Ikara ta tayar da shawara. Takardar JAMB ce, ta jarrabawar shiga jami'a, mai ɗauke da sunan cibiyar da yaro zai zauna jarrabawa, da rana, da lokaci. Tun 2015 da aka koma rubuta jarrabawar da kwamfuta zalla, yaro ba ya zama a ajin makarantar garinsu. Cibiyar da aka ba shi zai nufa, kuma ga yaran wannan yanki sau da yawa a Zariya take, wani lokacin ma Kaduna. A 2025 an umarci 'yan rukunin farko su hallara tun ƙarfe 6:30 na safe domin tantancewa, abin da ya jawo ƙorafi a faɗin ƙasar. Mai tasowa daga ƙauye dole ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ya kama hanya da duhun asuba, ko ya tafi tun ana gobe ya kwana a can.

To, a ina zai kwana? Shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, don haka da yawa daga cikin masu riƙe da takardar nan ba su cika 18 ba. Idan akwai goggo a Tudun Wada ko kawu a Samaru, magana ta ƙare. Idan babu, sai wani ya ce, "A ba shi kuɗi ya kama ɗaki mana, ai ya girma."

Wannan "ya girma" ɗin ita ce ke buƙatar a tsaya a kanta, domin abu biyu ta cakuɗa waɗanda malaman fiƙihu suka raba tun da daɗewa. Na farko balaga, wato lokacin da alƙalami ke hawa kan mutum, salla da azumi su wajaba a kansa. Na biyu rushdu, wato nutsuwar hankali da iya riƙe kai da dukiya. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i, wadda ta yi magana kan dukiyar marayu, ba ta wadatu da cewa maraya ya kai munzalin aure ba. Sai da ta ƙara sharaɗin a jarraba shi, a ga alamar shiriya tare da shi, sannan a miƙa masa abin da ya gada. Idan Shari'a ba ta yarda a damƙa wa baligi gonar ubansa kafin a auna hankalinsa ba, da wuya a ce ta yi sakaci da inda zai kwana shi kaɗai a garin da bai san kowa ba.

Ko a kan adadin shekarun ma malamai sun bambanta. Shafi'iyya da Hambaliyya sun tsaya a 15 ga wanda alamomin balaga ba su bayyana gare shi ba, suna kafa hujja da labarin Abdullahi ɗan Umar, wanda aka mayar da shi gida ranar Uhudu yana da 14, aka karɓe shi ranar Handaƙ yana da 15. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda ita ake karantarwa a zaurukan ƙasar Zazzau, shi ne 18. Nan ta haɗu da dokar zamani: Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar kula da yara a 2018. Masu cewa adadin 18 baƙon abu ne da Turawa suka kawo, su koma su duba Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya.

Akwai kuma batun kaɗaici shi kansa. Buhari ya ruwaito gargaɗin Manzon Allah (SAW) game da matafiyi ya yi tafiyar dare shi kaɗai, Imam Ahmad kuma ya ruwaito hani kan mutum ya kwana shi kaɗai. Malamai da dama sun ɗauki wannan a matsayin karhanci, saboda abin da kan faɗa wa wanda ba shi da mai taimako: rashin lafiya cikin dare, ɓarawo, ko saƙe-saƙen zuciya. Da manya ake wannan magana. Ina ga yaron da bai taɓa kwana a wajen gidansu ba?

Na 'ya mace ya fi nauyi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa riƙon ɗa namiji yana ƙarewa da balaga, na mace kuwa yana ci gaba har sai ta yi aure ta tare. Hadisan da suka hana mace tafiya ba muharrami sanannu ne, kuma ko Imam Malik da ya sauƙaƙa a aikin Hajjin farilla, sai da ya gindaya sharaɗin amintaccen ayari. A watan Oktoban 2019 Saudiyya ta yarda mata su kama ɗaki a otal su kaɗai da katin shaida, amma wannan bai amsa tambayar uban da 'yarsa ke aji shida a sakandare ba.

Sai dai mutumin waɗannan garuruwa zai iya musu, kuma yana da abin faɗi. A wannan yanki ɗan shekara 15 yana bin motar rake daga Makarfi, yana loda kwandunan tumatir a Ikara, yana kwana a Tashar Yari idan mota ta lalace. Kakanninsa fatake sun yi tafiyar watanni zuwa Gwanja neman goro, da samari a cikin ayarin. Yaushe Bahaushe ya fara jin tsoron ɗansa ya kwana a waje?

Gaskiya ne yaran sun yi tafiya, amma ba su taɓa tafiya ba uban ɗaki ba. Ayarin fatake yana da madugu. Zango yana da sarki. Baƙon da ya shiga gari yana da fatoma, mai masaukin da zai ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya tsaya masa a ciniki, kuma shi za a tambaya idan wani abu ya same shi. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda cinikin shanu da goro kacokan ya rataya a kan waɗannan masu gida, waɗanda jarinsu na gaske shi ne amincin da aka san su da shi. Ko yaron motar rake na yau yana da direban da mahaifinsa ya san gidansu. Hatta almajiri, duk da tarin matsalolin tsarin, yana da malamin da aka damƙa wa amanarsa hannu da hannu. Zauren mai unguwa, shagon samari, barandar masallaci: a kowanne akwai idon wani babba, kuma akwai wanda zai ji kunya idan abu ya ɓaci. "Baƙonka Annabinka" da ake faɗi aiki ne da ake ɗora wa mutum takamaimai, mai suna da gida.

Otal ba haka aka gina shi ba, kuma wannan ba zagi ba ne. 'Yan kasuwa, ma'aikata da malamai masu zuwa wa'azi duk suna sauka a otal, alhazai ma a Makka da Madina a nan suke kwana. Abin da otal ke sayarwa shi ne ɗaki da sirri: ka biya, a ba ka makulli, ba mai tambayar wa ya shigo wurinka. Ga babban mutum wannan hutu ne. Ga yarinya 'yar 16, sirrin nan shi ne haɗarin. Mai karɓar baƙi bai san ubanta ba, mai gadi ba zai ƙwanƙwasa ya ji ko lafiya ba, wanda ya yaudare ta a waya kuma ya san da haka sarai.

A Amurka otal-otal da yawa ba sa ba wanda bai kai 18 ba ɗaki, wasu ma sai 21, domin yarjejeniya da ƙaramin yaro tana iya rushewa a kotu. Kansu suke karewa. Fiƙihun Malikiyya ya isa kusa da nan ta wata hanya: cinikin yaro mai wayo, har da haya, a tsaye yake sai waliyyinsa ya amince. Ma'ana, mai otal ɗin da ya karɓi kuɗin yaro ba da sanin iyayensa ba, ko a cinikin ma bai tsaya a kan tudun tsira ba.

A Kano, Hukumar Hisbah da aka kafa da doka a 2003 ta sha kai samame otal-otal tana kama samari da 'yan mata. Amma samame yakan zo ne bayan makulli ya riga ya fita daga hannun mai karɓar baƙi, kuma abin takaici, fuskar yarinya ce ke yawo a Facebook, wanda ya karɓi kuɗin ɗakin kuwa da wuya a ji sunansa. Gyaran a kan teburin karɓar baƙi yake. Tambayar shekaru da neman lambar wayar uba ba sa cin minti biyu.

Hani shi kaɗai kuma zalunci zai zama. Yaron da aka kora daga ƙofar otal da ƙarfe goma na dare ba gida zai koma ba, benci zai nema a tasha, wurin da ya fi ɗakin muni. Uban da ya hana 'yarsa zuwa jarrabawa don gudun kwana a waje ya tsare ta dare ɗaya, ya rufe mata ƙofar zama ungozoma ko malamar asibitin da matan Taba ke nema ido rufe. Makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris tana nan Makarfi, Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru, kuma hanyar zuwa gare su ta irin waɗannan darare take bi.

Hukuncin da ya fi kusa da nassi da al'ada shi ne kada a ba wanda bai kai 18 ba ɗaki shi kaɗai, namiji ne ko mace. Idan larura ta sa sai an kwana, uba ko wa ko kawu ya bar gona kwana ɗaya ya raka. Makarantun sakandaren Kudan, Makarfi da Ikara su haɗa ɗalibansu rukuni guda, malami da samari, malama da 'yan mata. 'Yan asalin waɗannan garuruwa da Allah ya buɗa wa a Zariya da Kaduna kuwa, ƙungiyoyinsu na ci gaban gari su tattara sunayen gidajen da za su iya saukar da yaro ɗaya ko biyu, a miƙa wa limamai da masu unguwanni tun kafin takardun jarrabawar baɗi su fito.