TAZARAR HAIHUWA: HUKUNCI ƊAYA, HALI DABAN-DABAN



Ana yawan tambayata hukuncin tazarar haihuwa, kuma amsar ba ta da wuya. Sahabbai sun yi azalu a zamanin Annabi (SAW), kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Jabir (RA). Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazara ta wani lokaci in akwai buƙata kuma miji da mata sun yarda, ta hana tsayar da haihuwa gaba ɗaya sai da larura.

Abin da ke damuna daban ne. Hukuncin ɗaya ne, amma shin matanmu duka suna da ikon amfani da shi?

Malamar makaranta a cikin Jega tana da albashinta, asibiti kusa, ta zaɓi ƙwaya, allurar wata uku ko ashanar hannu. Ita kuwa ta ƙauye, a Dangamaji ko ƙauyukan Maiyama, kafin ta isa asibiti sai da izinin maigida da kuɗin mashin. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan kyauta ne a asibitocinta, amma kyautar ba ta haɗa da kuɗin hanya ba. Ga uwar miji na ƙirga jikoki. Ga kishiya, kowa na lissafin gado. Ga gonar albasa irin ta Aliero mai son hannu da yawa. Sai ta yi rurrutsa, goyo a baya ciki a gaba, jini ya ƙare, mu ce ƙaddara.

Ƙaddara gaskiya ce, amma sakaci ba ya fakewa bayanta. Wanda ya yi tazara don yana zaton Allah ba zai ciyar da ɗansa ba, ya gyara niyyarsa. Wanda kuma ya ga matarsa na rama, yaro bai cika shekara biyu na shayarwa da Suratul Baƙara ta ambata ba, ya hana ta kuɗin zuwa asibiti, to ya shirya amsa ranar hisabi, domin amana ce a hannunsa.

Kai maigida, in ka sayar da albasa bana, ware kuɗin lafiyarta. Zauna da ita ku yi shawara, ku je wurin ma'aikaciyar lafiya tare.

Allah Ya ba mu zuri'a ɗayyiba. Wallahu a'alam.