Ƙararrawa Biyu a Hannunka

Karatu: 1 Korantiyawa 12:14-26

Ka taɓa jin waƙar da aka yi da ƙararrawa kaɗai? Ba ina nufin ƙarfen ƙafar mota da muke ratayewa a itace, mu buga ran Lahadi don kiran sujada ba. Waɗannan ƙanana ne na tagulla, ana riƙe su a hannu, kowace da muryarta guda ɗaya tak.

A Ingila abin ya samo asali. Masu kaɗa manyan ƙararrawa na majami'u ne suke koyo da su a ɗaki, don kada su dami gari. A shekara ta 1902 wata mace mai suna Margaret Shurcliff ta koma Boston da guda takwas da aka ba ta a Landan. A 1954 aka kafa ƙungiyar masu kaɗa su a Amurka, ita ce shugabar farko. Daga majami'u abin ya shiga makarantu, har ya kai na Japan da Hong Kong. Malamai sun so shi, gama yaro ba ya bukatar shekaru yana koyo kafin ƙararrawa ta ba shi murya mai daɗi.

Amma ga inda nake so ka tsaya. Mai garaya shi kaɗai yake riƙe da dukan muryoyin waƙarsa. A nan ba haka ba ne. Sau da yawa ana jera ƙararrawa 37 a kan tebur mai soso, yara 11 su tsaya da safar hannu, kowa da nasa biyu a hannu, wasu kuma a gabansa. Ba yaron da waƙar take hannunsa. Wani ma muryarsa ba za ta zo ba sai sau huɗu ko biyar a dukan waƙar. Sauran lokacin me yake yi? Yana ƙirge a zuci, idonsa a kan malami. Lokacinsa ya yi, ya kaɗa, sa'an nan ya danna bakin ƙararrawar a kafaɗa ta yi shiru, domin ta ɗan'uwansa ta fito. In ya yi fushi ya zauna a gida don rabonsa kaɗan ne, duk inda waƙar ta iso wurinsa sai a ji giɓi.

Ikilisiyar Koranti tana da baye-baye da yawa, duk da haka gasa ta raba kansu. Shi ya sa Manzo Bulus ya yi musu misali da jiki, ya nuna cewa gaɓar da ake gani ba ta da ƙarfi, ba a iya yi sai da ita.

A aikin fasto na ga waɗanda suka daina zuwa sujada, ba don wani ya zage su ba. Sun dai ƙudura a ransu cewa zuwansu da rashinsa duk ɗaya ne. Wataƙila kai ne. Ba ka wa'azi, ba ka cikin mawaƙa, ba a taɓa kiran sunanka a sanarwa ba. Amma kai ne kake jera bencina tun da sassafe. Ke ce kike biya wa gwauruwar nan ki riƙo hannunta zuwa majami'a. Ranar da ba ki zo ba, a gida ta wuni. Mu masu tsayawa a bagade ma da laifinmu: mukan yi ta kaɗa tamu, mu manta da danna ta a kafaɗa.

Addu'a: Ya Uba, ka san abin da ka sa a hannuna. Ka ba ni haƙurin jiran lokacina, ka kuma tuna mini da wanda ya bar wurinsa, in je in gaishe shi a makon nan. A cikin sunan Yesu, Amin.