"Waya Ce Ta Ce": Alhakin Yana Wuyan Wa?

A wani zama da muka yi da 'yan'uwa masu karatun likita a nan, gardama ta ɓarke a kan wata magana da tun daga ranar take yi mini yawo a rai, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta wannan mujalla tamu domin mu tauna ta tare.

Ciwon huhu, wanda aka fi sani da nimoniya, ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 740,000 a shekarar 2019, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana. Abin takaicin shi ne gane shi bai buƙatar wata babbar na'ura. Tun tsakiyar shekarun 1990 hukumar da UNICEF suka fito da tsari mai sauƙi: a ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya cur. In ya kai 50 ga mai wata 2 zuwa 11, ko 40 ga mai shekara 1 zuwa 5, to yana haki, sai a ba shi amoksisilin. In kuwa ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko yana jijjiga, ko ya galabaita, sai babban asibiti. Wannan tsari ne aka zuba cikin wayar hannu, tana yi wa ma'aikacin lafiya tambaya ɗaya bayan ɗaya har ta kai shi ga hukunci. Akwai irinta a Burkina Faso mai suna IeDA, akwai kuma ALMANACH wadda ƙungiyar agaji ta Red Cross ta shigar ƙananan asibitocin jihar Adamawa a 2016. Wani bincike da aka yi a Tanzaniya aka buga a 2015 ya nuna yaran da ake rubuta wa maganin kashe ƙwayoyin cuta sun sauko daga fiye da kashi 80 cikin 100 zuwa kimanin 15, kuma warkewa ba ta ragu ba.

Ba kan amfanin wayar muka yi gardama ba, kowa ya yarda da shi. Ga inda muka rabu. Ka ɗauka, mai karatu, uwa ta tako tun asuba da goyonta yana tari. An ƙirga numfashi an samu 34, wayar ta ce mura ce, ba ya buƙatar amoksisilin. Uwar ta ce ita fa ba ta yi wannan tafiya don ta koma hannu rabbana ba. Ma'aikacin yaro ne sa'ar ƙanenta, kunya ta kama shi, sai ya juya mata fuskar wayar ya ce, "Inna, ba ni na hana ba, waya ce ta ce." Shin ya kyauta?

Da yawa daga cikinmu sun ce ya kyauta, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. A garinmu ƙaramin ma'aikaci ba ya iya kallon idon babba ya ce a'a. In wayar ta zame masa garkuwa har ya hana maganin da ba shi da amfani, ai an tsira, ba a yi ƙarya ba, ba a kuma ɓata wa kowa ba.

Ni dai ban gamsu ba. Da farko, maganar ba gaskiya ba ce cikakkiya. Wayar ba ta ga yaron ba. Abin da ya rubuta mata shi ta mayar masa. Shi ya ɗaga rigar, shi ya ƙirga. Duk wanda ya taɓa gwada ƙirga numfashin jariri mai kuka da mutsu-mutsu ya san wuyar abin, ya kuma san yadda zuciya ke raya wa mutum ya kintata kawai in layi ya yi tsawo. Wanda ya kintata 34 alhali 44 ne, wayar za ta karɓa ba musu, ta mayar masa da kuskurensa cikin kyakkyawan rubutu. Ranar da ya saba cewa "waya ce ta ce", ya fara manta cewa hannunsa na ciki.

Sai kuma ita uwar. Wadda aka ce wa waya ta hana, ba ta koyi komai ba, an dai rufe mata baki. Kan hanyarta ta komawa akwai kemis, kuma mai kemis ba shi da wayar da za ta hana shi. Amma da ya ɓata minti biyu ya ce, "Inna, ni na duba shi, ƙirjinsa lafiya. Ki sa ido: in numfashinsa ya yi sauri, ko ya ƙi nono, ko zazzaɓi ya taso, ki dawo ko da tsakar dare ne," to da ta tafi da abin da ya fi kwalbar magani, domin murar yau kan iya zama nimoniya jibi, kuma a jibin babu waya a ɗakinta, sai idonta.

Wani ɗan'uwa ya ce ina zaune a inuwa ina yi wa na rana hukunci. Na karɓi wannan, don mai duba yara sittin shi kaɗai bai cika samun minti biyun nan ba, kuma laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Sai na tambaye shi: ranar da aka kwana uku babu wuta, wayar ta mutu, ga uwa da goyonta a gabansa, wa zai ce ya ce? Har muka tashi bai ba ni amsa ba.