Da Saurin Wa Za a Yi Tafiya?

Karatu: Farawa 33:1-17

A birnin Bangui na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya akwai unguwar da ake kira Kilomita Biyar, domin nisanta ke nan daga tsakiyar gari. A nan babbar kasuwa take, kuma Hausawa 'yan kasuwa sun daɗe a cikinta tare da Barebari da Fulani da sauran jama'a. Damina a can doguwa ce, tana cin fiye da rabin shekara. Ƙasar ja ce, in ta sha ruwa sai ta zama laka mai kama takalmi, ta bar mutum da ƙafa tsirara.

Ƙasar tana da 'yan sikawut da yawa. Akwai na Katolika, akwai na ikilisiyoyin Furotesta, akwai kuma na Musulmi. Wanda ya san 'yan Birged na majami'unmu ya san irinsu: riga iri ɗaya, ƙyalle a wuya, waƙa da maci. Baden-Powell ne ya fara wannan ƙungiya a Ingila a 1907, da ya kai yara kaɗan wani tsibiri mai suna Brownsea suka kwana a tanti. Tun daga lokacin, fita da yara bayan gari da ƙafa ya zama babban sashe na tarbiyyarsu.

To, a ce wata Asabar cikin watan Agusta shugabannin yaran sun shirya irin wannan fita. Za a bi hanyar Bimbo, a haye gadar kogin M'Poko, a shiga gonakin rogo. An gayyaci iyaye, an kuma gayyaci yaran Kilomita Biyar da na unguwannin da ke kewaye da ita su tafi tare. Ga uwa da ɗanta ɗan shekara takwas yana roƙonta ta bar shi. Ta dubi sama ta ga hadari, ta dubi takalminsa guda ɗaya tilo da yake zuwa makaranta da shi, ta ce, "Ɗana, kai ƙarami ne, ba za ka iya ba." Ta yi daidai, ko kuwa?

Kada mu yi saurin ganin laifinta. Laka tana da santsi, akwai sauro, akwai maciji cikin ciyawa, sabulu kuma ba kyauta ake ba da shi ba. Amma kowa a Bangui ya san akwai abin da ya fi laka nauyi a zuciyarta. Daga ranar 5 ga Disamba 2013, lokacin da kashe-kashe suka barke a birnin, Kilomita Biyar ta zama mafakar Musulmin da suka rage, ba su iya fita ba tare da tsoro ba. Dubban Kirista kuma suka gudu suka kafa bukkoki a gefen filin jirgin sama, suka yi damina bayan damina cikin taɓo. An kai hari majami'ar Fatima da ke kusa da unguwar a watan Mayu 2014, aka sake kai wani ranar 1 ga Mayu 2018, aka kashe masu sujada tare da wani firist. An rushe masallatai da dama a birnin. Kowane gefe yana da kaburburansa. Uwar da ta ga wannan da idonta, in ta ce yaro ƙarami ne, abin da take nufi ya wuce ƙanƙantar ƙafafunsa.

Karatunmu na yau ya kai mu wurin wani uba da ya faɗi irin wannan magana. Yakubu yana komowa gida bayan shekara ashirin a wurin Laban. Isuwa, wan da ya cuta, ya fito taryensa da mutum ɗari huɗu. Yakubu ya zaci mutuwa ce ta zo. Sai ga Isuwa ya sheƙo a guje ya rungume shi, suka yi kuka tare. Da yawa daga cikinmu a nan muke rufe littafin mu ce sulhu ya tabbata. Amma labarin ya ci gaba. Isuwa ya ce su kama hanya tare. Yakubu ya nemi ahuwa, ya ce yara ba su yi ƙwari ba, tumaki da shanu suna shayarwa, in aka kora su da ƙarfi ko na yini ɗaya za su mutu. Ya ce wansa ya yi gaba, shi zai biyo a hankali, daidai tafiyar yara da dabbobi, har ya same shi a Seyir.

Rabin maganar Yakubu gaskiya ce, kuma kowane shugaban yara ya kamata ya riƙe ta. Ayarin da yake da ƙanana ba ya tafiya da saurin jarumai. Masu fita da yara sun san wannan: ana sa mafi ƙanƙanta a gaba domin su ne ma'aunin tafiyar, babba ɗaya ya tsaya can baya don kada a bar kowa. In an zo inda ruwa ya yanke hanya, sai a tsaya, manya su miƙa hannu, a haye ɗaya bayan ɗaya. Saurayin da zai iya kaiwa cikin awa ɗaya dole ya haƙura da awa uku. Wannan haƙurin kansa darasi ne, wataƙila ma ya fi wanda aka fito koya.

Sai dai ku lura da aya ta 17. Yakubu bai tafi Seyir ba. Da Isuwa ya ɓace masa, sai ya nufi Sukkot ya gina wa kansa gida. Har mutanen da wansa ya so ya bar masa su raka shi, ya ƙi karɓa. A ganina, yaran sun zama masa mayafi. Raunin yara dalili ne na a rage sauri, kuma da ya roƙi Isuwa ya rage nasa saurin, wa ya san ko da ya yarda? Mutumin da ya zo da mutum ɗari huɗu ya ƙare da kuka a wuyan ƙanensa, jinkirin kwana biyu ba zai gagare shi ba. Yakubu bai tambaya ba.

Bangui ma ta ga irin wannan runguma. Babban Bishop Dieudonné Nzapalainga ya ba Limam Omar Kobine Layama mafaka a gidansa lokacin tashin hankali, su biyu tare da Fasto Nicolas Guérékoyamé-Gbangou suka yi ta zagaya ƙasa suna kiran zaman lafiya. Ranar 30 ga Nuwamba 2015 Paparoma Francis ya shiga Kilomita Biyar har babban masallacin Koudoukou, jama'a suka yi ta murna. Abu ne babba, kada a raina shi. Amma manya ne suka rungumi juna. Yaron da aka haifa a shekarar rikicin yanzu ya tasa, kuma in bai taɓa jan hannun yaron ɗayan gefen daga cikin taɓo ba, labarin da ya ji a gida shi kaɗai ne abin da ya sani game da shi. Mu da muke zaune a Jos ko Kaduna, inda unguwanni suka rabu bayan rikici, ba baƙin wannan magana ba ne.

Ba na cewa uwar nan ta saki ɗanta haka kawai. Tana da ikon tambaya wane ne zai jagoranci tafiyar, wace hanya za a bi, ƙarfe nawa za a dawo. In gari ba lafiya, kowa ya zauna gida, wannan hankali ne. In kuwa an samu sarari, to ai an gayyace ta ita ma. Ta ɗaura zane tsoho, ta sa masa silifa ta ajiye takalmin makaranta, ta bi su. A baya za ta samu kanta, inda masu goyo da masu ciwon gwiwa suke, kuma ba mamaki wadda za ta riƙe mata hannu a wurin santsi ta kasance daga unguwar da take tsoro. Da yamma duka za su komo da jar laka iri ɗaya har ƙwauri, yaran suna dariya, su kuma iyaye suna lissafin wanki.

Yakubu ya samu irin wannan gayyata ya bar ta ta wuce. 'Ya'yansa sun girma ba su san 'ya'yan Isuwa ba, daga baya jikokinsu, Isra'ila da Edom, suka yi ta yaƙi da juna tsara bayan tsara. Shi da wansa kuwa, Littafi Mai Tsarki bai sake nuna mana su wuri ɗaya ba sai a ƙarshen sura ta 35, ranar da suka binne mahaifinsu Ishaku.