Baƙon Magini da 'Yan Gari: Ginin Majami'a a Ƙasar Kwali

Littafin Sarakuna na Fari, sura ta 5, ya ba da labarin yadda Sarki Sulemanu ya shirya ginin Haikali a Urushalima. Ya aika wa Hiram, sarkin Taya, yana neman itacen al'ul, ya kuma amsa da bakinsa cewa a cikin jama'arsa babu wanda ya iya saran katako kamar Sidoniyawa. Duk da hikimarsa da dukiyarsa, bai ji kunyar faɗin abin da mutanensa ba su iya ba. Ya tara ma'aikata 30,000, ana tura 10,000 zuwa Lebanon kowane wata, mutum ya yi wata ɗaya a can, wata biyu a gida. Amma aikin na tilas ne. Bayan rasuwarsa jama'a suka kawo kukansu gaban ɗansa Rehobowam, ya amsa musu da gatse, suka jajjefi Adoniram, shugaban aikin tilas, har ya mutu, mulkin ya rabu biyu. Haikali yana nan tsaye da zinariyarsa, al'ummar da ta gina shi kuwa ta tsage.

Wannan labari ya kamata ya zauna a zuciyar duk wanda aka danƙa wa ginin majami'a, ko makaranta, ko ɗakin shan magani a ƙasar da ba tasa ba. Ƙauyukan Kwali, a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, inda Gbagyi da Bassa da Ganagana da Hausawa da Fulani suke zaune, suna karɓar irin waɗannan baƙi. Wasu daga Amurka ko Turai suke zuwa, wasu kuwa daga manyan ikkilisiyoyin cikin birnin Abuja ko Legas ko Jos, kuma na biyun ma baƙi ne, ko da fatarsu ɗaya da ta 'yan gari. Sukan zo da taswirar gini, da kuɗin da 'yan'uwa suka tara da guminsu, da ranar da suka yi alkawarin buɗe gini. Niyyarsu kyakkyawa ce. Rigima takan taso ne daga abubuwan da ba a rubuta a taswira ba.

Na farko shi ne lokaci. Baƙi da yawa sukan sami hutu a Yuni ko Yuli, suna da mako biyu ko uku kawai. Manomin doya kuwa a wannan lokaci gonarsa tana kiransa tun da asuba, ciyawa ba ta san da zuwan baƙo ba. Mai kula da aiki ya fito da safe ya tarar da mutum biyar maimakon hamsin da aka yi masa alkawari, sai ya ce mutanen nan ba su da himma. Ya yi musu rashin adalci. Gayya tana da lokacinta, da kaka ko da rani, bayan amfanin gona ya shiga rumbu, lokacin da hanyar motar yashi ma ta bushe. Haka kuma ranar kasuwa da ranar jana'iza ba ranakun aiki ba ne. Wanda ya matsa a ci gaba da zuba siminti alhali ana makoki a maƙwabta zai gama linta a kan lokaci, amma za a daɗe ana tuna masa.

Sai kuma kalmar “to”. Dattijon ƙauye ba ya musa wa baƙo a gaban jama'a. In ya ce “to”, sau da yawa ma'anarsa ita ce ya ji, ba lalle ya yarda ba. Baƙo ya nuna inda za a haƙa harsashi, dattawa su ce to, alhali kowa ya san nan ne ruwa yake kwanciya a watan Agusta, ko kuwa kakannin wani gida suna kwance a wurin. Gaskiyar magana takan fito ne da dare, ta bakin mai bishara na wurin ko uwar Zumuntar Mata, in an zauna da su an sha ruwa. Takardar fili daga hukuma wajibi ce, musamman a Babban Birnin Tarayya, inda doka ta mai da ƙasar duka hannun Gwamnatin Tarayya tun 1976. Amma takarda ba ta ɗauke wa mutum zuwa gaida mai unguwa da dagaci, da sauraron iyalan da suka gaji noman wurin.

A kan kuɗi kuwa, baƙo ne yake da gaskiya, kuma dole a faɗa. In ya nemi rasit a kan kowane buhun siminti da bandir ɗin kwano, wasu dattawan ikkilisiya sukan ɓata rai, su ce ana zarginsu da sata. Ba haka ba ne. Manzo Bulus kansa, a Korantiyawa ta Biyu sura ta 8, bai yarda ya riƙe gudummawar tsarkaka shi kaɗai ba. Ya haɗa Titus da 'yan'uwan da aka amince da su, domin kada kowa ya sami abin zargi. Mai sayar da yashin rafi ba shi da rasit, gaskiya ne, amma littafi da shaidu biyu sun wadatar. Abin kunya kuma shi ne mai bi ya ninka kuɗin bulo don ya ga Bature.

Mutanen Kwali suna da nasu misali a gida, ko da yake ba aikin mishan ba ne. Michael Cardew, maginin tukwane daga Ingila, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka, ya ga tulunan Ladi Kwali a fadar Sarkin Abuja, Sulaimanu Barau, garin da yanzu ake kira Suleja, ya gane cewa ya iske gwanar da ta riga shi. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya kafa, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi injin juya yumɓu da sabuwar hanyar gashi, amma ba ta bar ginin hannu irin na gida ba, da zanen ƙadangare da kunama da kifi, har aikinta ya kai Landan, daga baya aka sa hotonta a takardar naira 20. Sai dai akwai abin lura. Tulun da aka shafe da ƙyalli aka gasa da wuta mai tsanani ya yi nauyi, ya yi tsada, ba ya kuma tsattsafo, don haka ba ya sanyaya ruwa. Ya koma kayan ado. Majami'a ma tana iya zama haka: dogon gini na bulo da kwano, ba rufin ciki, tagogi ƙanana na gilashi irin na ƙasar sanyi, wanda a watan Maris masu sujada sukan gudu daga cikinsa su koma gindin mangwaro.

A Wusasa kusa da Zariya an bi wata hanya dabam. Da mishan na CMS ya tashi daga cikin birni ya koma can wajen 1929, an gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, bisa fasahar ginin Hausa, mai kaurin bango da sanyin ciki. Mai shiga yana ganin irin ginin da ya saba gani tun yana yaro, ba ya jin an kai shi wata ƙasa kafin ya yi addu'a.

Inda ake gane ko gini na wane ne shi ne bayan baƙi sun tafi. In an gina shi cikin gaggawa, da leburorin haya da kayan da babu su a kasuwar Kwali ko Gwagwalada, jama'a za su riƙa kiransa majami'ar Turawa. Iska ta yaye kwano biyu, sai a rubuta wasiƙa a zauna jiran amsa, ruwa yana zuba a kan bagadi. In kuwa matasa ne suka buga bulo, mata suka ɗebo ruwa a kafaɗa kamar yadda matan Gbagyi suke ɗaukar kaya, kafintan gari ya ɗora rufi, to, washegarin iskar za a ga tsani a jingine. Bulus ya kira kansa gwanin magini a Korantiyawa ta Fari sura ta 3, amma ya ce harsashi ya kafa, wani ne yake ɗora gini a kai, harsashin kuwa Yesu Almasihu ne.

Ikkilisiyoyin Nijeriya ma suna aika 'ya'yansu aikin bishara zuwa Nijar da Chadi da Benin, da baikon iyalai masu karanta wannan mujalla. Saurayin da ya tashi a Kwali, in ya sauka a wani ƙauye na Maraɗi da taswira a jakarsa, shi ne baƙon, shi ne kuma dattawan can za su ce wa “to”.