Ɗinke Tsagaggen Leɓe: Raina Aikin Mahalicci Ne?

Akwai maganar da mu mutanen arewa mukan faɗa idan aka haifi jariri da tsagaggen leɓe: “Haka Allah ya yi shi.” Kirista yana faɗinta, Musulmi ma haka. A shekara ta 2007 wasu likitocin Nijeriya sun buga wani bincike da ya nuna cewa iyaye Hausawa da Fulani sun fi danganta wannan abu ga nufin Allah, yayin da iyaye Yarbawa suka fi danganta shi ga miyagun ruhohi. Amsarmu ta fi sauƙi ga uwa, gama ba ta ɗora mata laifi. Sai dai a gidaje da yawa ma'anarta ta koma cewa a bar yaron yadda yake, kada a taɓa. To, uban da ya kai ɗansa aka ɗinke masa leɓe, ya raina aikin Mahalicci ke nan?

Bari mu fara da yadda abin yake faruwa. Fuskar ɗan tayi tana haɗuwa ne daga sassa dabam dabam. Leɓen sama yana haɗuwa tsakanin mako na 4 da na 7 na ciki, ganɗa kuwa, wato rufin baki na sama, tsakanin mako na 6 da na 9. Idan sassan ba su gama haɗuwa ba, sai a sami tsaga a leɓe, ko a ganɗa, ko duka biyu. Ku lura da lokacin, 'yan'uwa. Sau da yawa kafin mace ta tabbatar tana da ciki, al'amarin ya riga ya auku. Saboda haka husufin watan da ta kalla da tsohon ciki, ko fitar da ta yi da tsakar rana, ba su da hannu a ciki. Likitoci sun san wasu abubuwa da ke ƙara hatsarin: gado, shan taba, ciwon sukari, da wasu magungunan farfaɗiya. Amma a yawancin yara ba a iya nuna dalili guda. A duniya ana ƙiyasta kusan jariri 1 cikin 700 ne ake haifa haka.

A Bisharar Yohanna sura ta 9, almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, hankalinsu ya tafi ga neman mai laifi, shi ko iyayensa. Ubangiji ya ƙi bin wannan hanya. Abin da yake jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya. Bai ce musu tun da ba laifin kowa ba ne a bar mutumin a bakin hanya ba. Ya kwaɓa ƙasa, ya shafa masa a ido, ya aike shi ya je ya wanke a tafkin Siluwam. Amincewa da ikon Allah a kan haihuwar mutum da kuma miƙa hannu a taimake shi sun zauna wuri ɗaya, ba su yi faɗa ba.

Mu kanmu mun san haka a sauran al'amura. Yaro ya faɗo daga mangwaro ya karye, babu mai cewa nufin Allah ne a bar ƙafar. A guje ake kai shi wurin ɗori. Fari ya zo, ba mu fasa ban ruwa. Me ya sa sai a kan fuska muke tuna wannan tauhidi? Ina zargin cewa kunya ce take sa rigar bangaskiya. Kai yaro asibiti yana nufin a fita da shi, a hau mota da shi daga Suleja zuwa Madalla, zuwa Zuba, mutane suna kallo.

Barin kuwa yana da tsada. Jaririn da ganɗarsa ta tsage ba ya iya zuƙar nono sosai, nonon yakan fito ta hanci, sai ya rame. Yakan yi yawan ciwon kunne har jinsa ya ragu, in ya girma maganarsa ta fita ta hanci. Leɓe akan ɗinke shi wajen wata 3 zuwa 6, ganɗa kuwa kafin wata 18, domin a riga koyon magana. Likita ba zai yi aikin ba sai jaririn ya yi nauyi, jininsa kuma ya isa, shi ya sa aikin farko na uwa shi ne ciyarwa: ta tatse nono, ta ɗaga jaririn a zaune, ta ba shi kaɗan kaɗan da cokali ko ƙaramin kofi. Hoton ciki wajen mako na 20 yakan nuna tsagar leɓe, amma ta ganɗa kaɗai takan ɓuya, don haka ungozoma ta haska cikin bakin kowane jariri. Kada kuma a rikita wannan da cutar noma mai cin fuskar yara masu tamowa. Ita ba a haihuwa da ita, gaggawa take bukata, tana da asibitinta a Sakkwato tun 1999.

Amma akwai kuskure na biyu, wanda mu masu ilimin boko muka fi faɗawa ciki. Mukan yi magana kamar yaron zai zama cikakken mutum ne bayan aikin. Akwai iyayen da ke jinkirta kawo jariri gaban ikkilisiya domin miƙa shi sai an ɗinke leɓen, a ɗauki hoto mai kyau. Wannan ya fi damuna. Kusa da mu, a yankin Kuje, akwai gidan da masu aikin bishara suke riƙon yaran da wasu ƙauyuka suka ƙi saboda yadda aka haife su. Mukan girgiza kai idan muka ji labarin, alhali ɓoye jariri a ɗaki wata 6 ɗan'uwan wannan tunani ne. Aikin likita yakan bar tabo, wani yaron zai bukaci aiki na biyu da koyon furuci na shekaru. In darajarsa ta rataya ga kyan ɗinki, yaushe za ta cika? Shawarata ga fastoci da dattawa ita ce a raɗa suna, a miƙa yaron a sujadar Lahadi da leɓensa yadda yake, a kan lokacin da ake yi wa kowane jariri.

Batun kuɗi ya yi sauƙi fiye da yadda mutane suke zato. Ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a Amurka a 1999, tana biyan kuɗin wannan aiki a asibitoci da dama na Nijeriya. A Abuja kuma akwai gidauniyar Dakta Seidu Bello da ke yin irinsa kyauta. Daga Suleja, iyaye su fara da babban asibitin gari ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, su nemi a tura su inda ake yi. Abin da yakan tsayar da talaka shi ne kuɗin mota, abincin mai jinya, da wanda zai riƙe sauran yara a gida. Waɗannan ba su fi ƙarfin zumuntar mata ko baiko na musamman na Lahadi ɗaya ba. Dattawa kuma su duba cikin jama'arsu, gama akwai manya masu shekara 30 ko 40 da suke zaune a kujerar baya da gyale a baki, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa ana ɗinke wa babba ma.