Wa Ya Kashe Antigon?

Duk wanda ya zauna ajin Faransanci a lise ya ji kalmar nan "tirajedi" da bayanin da ke biye da ita: wasan kwaikwayo ne inda mutum ke kokawa da ƙaddara, ita kuma ta kayar da shi. Mun rubuta a kaye, mun haddace don ranar bak. Ni dai bayanin wanga bai ishe ni ba. In ka ƙirga gawarwakin da ke kwance a ƙarshen wasannin nan, ka tambayi wa ya yanke hukunci, wa kuma ya mutu, sai ka ga ana ɗora wa ƙaddara kayan da ba nata ba.

Mu fara da inda take da hannu da gaske, wato labarin Edip, na Sofokil mutumin Atina, ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Masu duba suka gaya wa Layos, sarkin Teb, ɗansa ne ajalinsa. Da aka haifi yaron sai aka huda masa ƙafafu, aka ba wani makiyayi ya yar da shi a kan dutse. Makiyayi ya ji tausayi, jariri ya ƙare a gidan sarkin Korint. Da ya girma shi ma aka duba masa: zai kashe ubansa, ya auri uwarsa. Ya gudu daga Korint don kada hakan ta faru, ashe gudun ne zai kai shi. Nan kam ba musu, ƙaddara ta riga fata. Amma ko a nan, duba ba ta ce ya yi faɗa a kan wa zai kauce wa wani ba. A mararrabar hanya uku wani dattijo a keken doki ya maka masa sanda, shi kuma ya kashe dattijon da mutanensa, ɗaya kawai ya tsira. Wannan zuciya tasa ce.

Ita Jokasta fa? Da Edip ya warware kacici-kacicin dodon da ya addabi Teb, aka ba shi sarauta, aka haɗa masa da matar marigayi kamar tana cikin kayan fada. Ba inda wasan ya nuna an tambaye ta. Ba na wanke ta, don makiyayin ya ce da hannunta ta miƙa masa jaririn. Sai dai ita ta fara gane gaskiya, ta roƙi Edip ya bar tonon, bai saurare ta ba, ta shige ɗaka ta rataye kanta. Shi ya tsiyaye idanunsa da allurar rigarta, amma yana raye.

To, ga ɗiyarsu Antigon, a wasan da aka nuna wajen shekara ta 441 kafin Annabi Isa. Ƴan'uwanta maza biyu sun kashe juna a kan sarauta. Kireyon, kawunta, ya hau gado ya kafa doka: Eteokil a binne shi da girma, Polinis da ya kawo wa garin yaƙi a bar shi ga karnuka da ungulu. Antigon ta je ta watsa wa gawar ƙasa. Babu mai duban da ya ce lalle sai Kireyon ya kashe ta. Hasali ma an ja masa kunne har ya ishi mai ji. Ɗansa Hemon, wanda aka yi wa baiko da ita, ya zo da ladabi ya gaya masa mutanen gari suna bayanta, tsoro ne ya rufe musu baki. Ya mai da shi bawan mace. Makahon nan Tireziyas ya zo, ya ce da shi an saye ka da kuɗi. Ku koma ku karanta maganganun Kireyon, ƴan'uwa: dokar gari yake ambato, amma abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, wanda yake ta komawa kansa, shi ne kada a ce mace ta rinjaye shi. Da aka tuna masa amaryar ɗansa ce, ya nuna mata ai ba su ƙare ba.

Daga baya ya sauko, amma sai ya fara da binne gawa, mai rai tana kulle cikin kogo. Kafin ya isa ta rataye kanta. Hemon ya soka wa kansa takobi a gabansa. Matarsa Iridis, wadda sau ɗaya tak ta fito a duk wasan, ta ji labari, ta juya ba ta ce uffan ba, ta je ta kashe kanta. Mutum uku. Kireyon yana nan da ransa.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Ita ma Antigon kanta da tauri. Dubi yadda ta yi wa ƴar'uwarta Isman wulaƙanci lokacin da ta zo raba laifin da ita. Mawaƙan wasan ma sun ce la'ana ce ke bin gidan tun kakanni. Jean Anouilh, da ya sake rubuta labarin aka nuna shi a Paris a 1944 Jamusawa na riƙe da garin, ya mai da Kireyon dattijo mai lallashi, yana neman ya rufa maganar ya cece ta, ita ce ta ƙi. Na yarda, taurin kai biyu ne suka haɗu. Amma ɗaya yana da dogarai da kurkuku, ɗaya ba ta da komai sai ƙasar da ta ɗebo da hannu. Wanda ke iya cewa "a bari" magana ta mutu, kason laifinsa ba zai zo daidai da na wadda iyakar ikonta ta ƙi janye bakinta ba.

A Otelo na Shekispiya ma ko duba babu. Ɗan ƙyalle ne ya ɓata, Yago ya yi ta zuba guba a kunne. Otelo ya yarda da abokin aikin soja, bai fito ya gaya wa Dezdemona wanda ake zarginta da shi ba sai daren da ya shiga shaƙe ta. Emiliya da ta tona gaskiya, mijinta Yago ya soke ta. Mata biyu, kowace a hannun mijinta. Ina ƙaddara a nan, in ba rashin tambaya ba?

Abin da ya sa na damu, kalmar ba a littafi kaɗai take ba, tana bakinmu. Imani da ƙaddara ba shi nake taɓawa ba, kuma gumakan Girkawa daban, abin da muka yi imani da shi daban. Malamanmu ma ba su taɓa cewa ƙaddara tana sauke wa mutum alhaki ba. Wanda ya ci amana ba ya zuwa gaban alƙali ya ce an rubuta. Amma a unguwa, yarinya ta yi yaji sau uku tana faɗin abin da take gani, sau uku ana mai da ita da "ki yi haƙuri". Ranar da abin ya ɓaci, a zauna kan tabarma a ce zama ne ya ƙare, haka aka ƙaddara. Uban da ya ƙi ji, kawun da ya rako ta, mijin kansa, duk kalma ɗaya ta lulluɓe su. Mu samari ma da ke ganin mun waye, wa ya taɓa tsayawa ya tambayi budurwarsa kafin ya yarda da hoton da aboki ya turo masa a WhatsApp?

Ola Rotimi na Najeriya, da ya kai labarin Edip ƙasar Yarbawa a 1968, tun a sunan wasan ya wanke alloli daga laifi, ya bar Odewale da zafin zuciyarsa. A nan na tsaya tare da shi. Sai dai a wasan nasa ma Ojuola, uwar da ta zama mata, ita ce ta mutu.